Saura Mutum Ɗaya

Ina cikin shekarata ta biyu a matsayin darekta, wato shugaban makaranta, a wani ƙauye da ke arewa da Afala aka kira mu birnin Tawa, horo na kwana uku kan yadda ake tafiyar da kwamitin makaranta. Lakwal ɗinmu, wato makarantar, ƙarama ce. Aji biyu ne, ɗaya na siminti, ɗaya na laka wanda mutanen gari suka gina da hannunsu tun kafin a turo ni. Malamai ma mu biyu ne, ni da wata madam da ke riƙe da ƙananan yara. Ni ke koyar da manya a ajin laka, don ya fi faɗi.

Kwamitinmu mutum bakwai ne. Akwai shugaba da ma'aji, dukansu magidanta masu jini a jika. Akwai mataimakin shugaba, wani dattijo da ya yi shekaru yana ci-rani a bakin teku kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi gida. Shi ke riƙe da makullin magaza, ɗan ɗakin da muke ajiye kayan makaranta, kuma Baba nake ce masa. Akwai wata tsohuwa mai wakiltar uwayen yara, wadda gari duka ke kira Inna. Akwai wani makiyayi mai wakiltar mutanen tantuna da ke bayan gari, wanda Tamashek ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Sai madam, sai ni sakatare.

Kafin horon nan taronmu ba shi da wata ƙa'ida. Bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma a gindin gawon da ke filin makaranta, wanda ya samu dama ya zo. Ana fara maganar alli sai a koma ta rijiya, daga nan a faɗa ta akuyar wani da ta ɓata. Abin yana ba ni haushi. Amma kafin magariba an yanke abin da za a yanke, kuma washegari ana yin sa.

A Tawa aka ba mu wani ɗan littafi mai shuɗin bango. Na karanta shi sau biyu a cikin motar komawa. Ya ce a sanar da taro kwana uku kafin ranar, a rubuce, tare da jerin abubuwan da za a tattauna. Ya ce taro ba ya zama taro sai kashi biyu cikin uku sun halarta, wato mu sai mutum biyar. Shugaba ko mataimakinsa ke buɗewa da rufewa. Sakatare ya rubuta abin da aka yanke a kaye, wato littafin rubutu, waɗanda suka halarta su sa hannu, a kai kofi ɗaya wurin ansipekta, mai duba makarantun yankinmu. Kuma ba a taɓa kayan makaranta sai da takardar taro. Shekarata talatin da ɗaya a lokacin. Na ji kamar an ba ni abin da na daɗe ina nema.

Da na sauka daga mota na shiga filin makaranta, sai na tarar da sabuwar rumfa a gefen ajin ƙanana, an rufe ta da kwano, an jera randunan ruwan yara a ƙarƙashinta. Watanni kaɗan kafin nan wata ƙungiya ta kawo mana kwano da buhunan siminti, muka ajiye a magaza. Madam ta gaya mini cewa Baba ne ya buɗe, ya ɗauki ƴan kwano, ya kira samari suka kafa rumfar, don rana na dafa ruwan har yara ba sa iya sha.

Na kira taro bisa sabuwar ƙa'ida. Duk bakwai ɗin suka zo, har da ƴan kallo. Na karanta littafin da Faransanci, na fassara da Hausa, layi bayan layi. Da na zo kan maganar kaya sai na tsaya, na ce ga misali nan a gabanmu, abin da aka yi ina Tawa bai kamata ba. Baba ya ɗaga kai ya dube ni, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malami namiji a garin.

"Mushe, rumfar ba ta yi kyau ba ne?"

"Ta yi kyau, Baba. Hanyar da aka bi ce ba daidai ba."

Na rubuta a kaye cewa mataimakin shugaba ya buɗe magaza ya fitar da kaya ba da izinin kwamiti ba, kuma an ja hankalinsa. Na karanta a fili. Kowa ya sa hannu, shi ma ya dangwala yatsa. Ƙarshen wata na kai kofi Tawa, ina jin na yi aiki.

Aka yi girbi, aka ɗaure damma, aka cika rumbuna gwargwadon abin da aka samu. Daga nan garin ya fara zubewa kamar yadda garuruwan Adar ke yi kowace shekara. Kowace ranar kasuwa mota na tafiya da maza goma, maza ashirin. Shugaba ya tafi Abijan. Ma'aji ya bi hanyar arewa, aka ce Libiya. Makiyayi ya kwashe tantinsa ya bi dabbobinsa neman ciyawa. Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki, ni ma ban yi tunanin komai ba.

Cikin sanyi wani yaro mai zama a bayan aji ya ɗaga hannu ya ce ƙasa na zubo masa a kaye. Na je na duba. Bangon gabas ya tsage daga kusurwar taga har zuwa inda azara ta zauna. Yatsana bai shiga ba a ranar. Bayan sati biyu ya shiga. Na kira wani tsohon magini ya duba, ya ƙwanƙwasa bangon da sanda, ya ce gindin ne ruwa ya ci tun damina. Sai an sauke bangon nan, a sake ɗora shi kan siminti, a sauya rufin. Kaya muna da su a magaza. Abin da ya rage kwamiti ya ce a buɗe, kuma ya roƙi maigari ya kira gayya.

Na rubuta sanarwa, na aika gida-gida. Bayan kwana uku muka zauna a gindin gawo, ni da madam da Inna da Baba. Na buɗe kaye na ce Baba ya buɗe mana taro. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, yana lanƙwasa yatsu.

"Mu nawa ne, Mushe?"

"Mu huɗu."

"Mi takarda ta ce?"

"Biyar. Amma Baba, bango ne zai faɗo wa yara."

"Na ga bangon. Na riga ka ganinsa ma. Mi takarda ta ce?"

Na ce masa a irin wannan hali ana iya sassautawa. Ya ce in nuna masa inda aka rubuta haka. Na buɗe littafin ina juya shafuka a gabansu, alhali na san babu. Ya jira har na gama. Sannan ya dafa sandarsa ya tashi, ya ce in mutum na biyar ya samu a aika masa, ko yana barci zai zo. Na rubuta a kaye: ba a cika ba, an ɗage taro.

Washegari na fitar da yarana daga ajin. Muka jingina allo a jikin gawo, manyan yara suka kwaso bencina. Gawo yana da ganye da rani, don haka da farko abin bai yi muni ba, har yara na jin daɗi. Na ce wa kaina sati biyu ne, ko uku.

Na je wurin maigari na ce a tara gari a zaɓi sababbin mutane a gurbin waɗanda suka tafi. Ya saurare ni sosai. Ya ce wa'adinsu bai ƙare ba, kuma ni da bakina na karanta cewa shugaba ne ke kiran babban taron zaɓe. Ban da haka, shi ba zai tuɓe mutum ba yana can yana neman abin da iyalinsa za su ci. In ya dawo da wane ido za a dube shi? Na ce to ya kira gayya kawai. Ya ce gayya ba wuya, amma in an sauke bango ba a buɗe magaza ba, da me za a ɗora?

Ƙarshen wata na je Tawa na ga ansipekta. Ya ba ni kujera, ya karanta rahotona, ya ce na yi daidai da na fitar da yara. Game da kaya kuwa, ya ce na al'umma ne, ofishinsa ba shi da hurumin cewa a buɗe.

"Darekta, kai ne ka fi kowa kawo mini takardu masu tsabta a yankin nan. Ka tara kwamitinka."

Na ce ba ya taruwa. Ya ce in ci gaba da kira, in riƙa rubutawa, don ranar da wani abu ya faru a ga ban yi sakaci ba. Na kwana biyu a gida wurin iyalina. Matata ta ce tun da na zo ban yi maganar komai ba sai bango.

Haka muka shiga kiran taro duk sati biyu. Ina rubuta sanarwa, ina aikawa har gidajen waɗanda na san ba sa nan, matansu su karɓa su soke a jikin zana. Mu huɗu mu zo. Baba bai taɓa makara ba, sau da yawa ma shi ke riga mu, da makullin rataye a wuyansa cikin zaren fata. Ya ƙirga, in rubuta, mu tashi. Inna takan zo da ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa, ta ce kada zuwan ya zama na banza.

Madam ce ta kawo shawarar waya. A garin ba a samun layi sai an hau wani tudun duwatsu da ke yamma da rijiya. Na aika wa shugaba saƙo ta hannun ƙanensa, muka sa rana da lokaci. Ranar muka hau mu huɗu. Baba ya ɗauki kusan rabin awa yana hawa, yana tsayawa yana dafa gwiwa, bai yarda kowa ya riƙe shi ba. A sama na buɗe muryar waya don kowa ya ji. Ana jin ƙarar motoci a bayan shugaba. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi mahaifiyarsa. Na gaya masa halin da ake ciki.

"Wannan ai ba abin jira ba ne," in ji shi. "Baba, na yarda, ku buɗe. Ni ne na biyar."

Baba ya matso kusa da wayar. "Mun ji ka, Allah ya ba da sa'a. Mushe, karanta muna wurin nan na halarta."

Na san wurin ba sai na buɗe ba. Waɗanda suka halarci taro da kansu, suka sa hannu.

"To ga shi," in ji Baba. "Da wane hannu za ya sa?"

Shugaba ya ce in haka ne shi ya sauka, a ba wani. Na ce masa sauka ma sai a rubuce, a gaban babban taro. Ya yi dariya, irin ta wanda abu ya fi ƙarfinsa, ya fara wata magana sai layin ya yanke. Muka yi ta ɗaga waya sama, bai dawo ba. Wajen saukowa Inna ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Ɗana, wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Zafi ya shigo. Tun kafin hantsi ya yi nisa inuwar gawo ke janyewa ta bar rabin bencina a rana. Muna ja, tana gudu. Allo ya yi zafi har alli ba ya kamawa sosai. Inna ta bi gidaje ta tattaro tsofaffin tabarmi muka ɗaura a rassa, amma kara babu, an ba dabbobi, balle a yi zana. Madam ta ce mu riƙa karɓa-karɓa da ajin siminti, sai dai ƙananan sun fi yawa, kuma su ne rana ta fi yi wa illa. Muka gwada cusa su duka a ɗaki ɗaya, kwana biyu muka bari, don ba mai jin wani. Yara suka fara raguwa. Uwa ta ce ɗanta ya yi haɓo jiya, yau ba zai zo ba. Gobe ma bai zo ba. Akwai wasu ƴan tagwaye mata masu kaifin lissafi, ubansu ya aiko daga ci-rani cewa in zaman rana ne, gara su zauna gida su taya uwarsu ɗaukar ruwa. Kowace safiya ina kiran suna, ina jin wuraren da ba a amsawa. Kuma daga inda nake tsaye ina hangen ƙofar magaza, taku ashirin ne tsakaninmu.

Na yi tunanin fasa kwaɗon. Ba sau ɗaya ba. Wata rana har na ɗauki guduma daga ɗakina na tsaya a gaban ƙofar. Abin da ya tsayar da ni ba tsoron Allah ba ne, kuma ba girmama ƙa'ida ba ne. Tunani na yi cewa sai in rubuta sunana a kayen nan da irin kalmomin da na rubuta na Baba, in kai Tawa da hannuna. Na mayar da gudumar.

Wata ranar Talata da hantsi ina cikin darasi sai ga makiyayi a kan raƙumi. Ya biyo ne ya shayar da dabbobi a rijiyarmu, zai wuce kudu. Na bar yara na tare shi da gudu, har ya tsorata ya tambaya ko lafiya. Na ce ya ba ni rabin awa kawai. Na aika aka kira Inna, madam ta fito daga aji, na je da kaina na taho da Baba. Muka zauna, makiyayi ya sassauta rawaninsa, aka kawo masa ruwa. Na ƙirga da ƙarfi, har biyar.

"Mun cika," in ji Baba. "Alhamdu lillahi. Yaushe anka ba da sanarwa?"

Taron da ya wuce kwana shida ke nan, na gaba kuma ban riga na rubuta ba.

Na juya wurin makiyayi na roƙe shi ya kwana uku. Ya girgiza kai. Ya ce cikin Hausarsa mai nauyi cewa babu abin da dabba za ta ci a nan, ko kwana ɗaya ya ƙara sai ya yi asarar masu rauni. Ya ce shi ya yarda da duk abin da za a yi, a kawo takarda ya dangwala yanzu.

Na sassauta murya na ce, "Baba, sanarwa ni ke rubuta ta. Zan sa kwanan watan Asabar. Ba wanda zai sani sai mu biyar."

Baba ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa.

"Mushe, ƙarya za ka rubuta, in dangwala?"

Madam ta sunkuyar da kai. Inna ta ce, "Kai ma dai, tsoho, ka bari mana." Ya ce da ita shi bai hana kowa ba, ga makulli a wuyansa, wanda ya ga zai iya ya cire. Babu wanda ya miƙa hannu. Makiyayi ya jira kaɗan, ya ga ba abin da za a yi, ya yi mana sallama ya hau raƙuminsa. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kan tudu. Ranar ban rubuta komai a kaye ba, don ba taro aka yi ba.

Har lokacin ina ɗauka ramuwa ce Baba yake yi. Bayan kwana biyu na je gidansa da la'asar. Na same shi a zaure yana tufka igiyar kaba, ya taka bakinta da babban yatsan ƙafa. Na zauna a ƙasa. Na ce na zo ne in ba shi haƙuri kan abin da na yi masa a gaban jama'a, ƙuruciya ce da ɗokin sabon abu.

Ya ce ya yafe tun tuni. Ya ci gaba da tufka, sannan ya ba ni labarin da ban sani ba. Bayan taron nan, magana ta bi gari ta sauya kama. A bakin rijiya aka ce wa surukarsa tsohonsu ya ci kayan lakwal, har darekta ya kai sunansa Tawa. Maganar ta ƙetare har inda babban ɗansa ke ci-rani. Ɗan ya bugo waya, aka kira Baba ya hau tudun nan, don kawai a tambaye shi ko gaskiya ne, kuma in wani abu yake bukata me ya sa bai faɗa ba.

"Shekara talatin ina riƙe kayan mutane a ƙasar da ba tawa ba," in ji shi. "Ko allura ba a taɓa nema a hannuna an rasa ba. Sai a garinmu, da furfurata. In bangon nan ya faɗi, Mushe, an san ruwa ne ya ci shi. In na buɗe ɗakin nan ba takarda, ni ne. Jikokina biyu na cikin waɗanda ke zaune a rana, kana tsammani ban sani ba?"

Na ce zan tsaya a gaban gari in wanke shi. Ya ce baki ya riga ya yi nasa, rubutun ne ke nan har yanzu, a kaye da kuma Tawa. Ya tambaye ni ko ana iya goge shi. Na ce ana iya gyarawa, amma sai taro ya amince.

"Taro na mutum nawa?"

Ya miƙo mini bakin igiyar na riƙe masa, ya ƙarasa tufkar, aka kira magariba muka tafi masallaci tare.

Daga ranar na daina jin haushinsa, kuma hakan bai sauƙaƙa mini komai ba. Da ina da wanda nake zargi. Yanzu mu huɗu ne kawai muke haɗuwa duk sati biyu, mu gaisa da mutunci, mu ƙirga kanmu, mu watse. Shafukan kaye suka cika da layi iri ɗaya. Tsagar bango ta kai inda hannuna ke shiga har wuyan hannu, ana hango hasken waje daga ciki. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, gawo ya soma zubar da ganye kamar yadda ya saba in damina ta kusa. Kowace safiya sai mun share bencina. Inuwar da ta rage ba ta fi ta tabarmin Inna ba. Na koma fara darasi da sassafe in sallami yara kafin rana ta take, abin da ba ya cikin tsarin aiki, kuma ban rubuta wa kowa ba.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Lahadi. Cikin satin motoci suka fara dawo da maza. Shugaba ya iso ranar kasuwa da buhu biyu da rediyo. Ban bari ya huta ba, na kai masa sanarwa tun bai kwance kaya ba. Bayan kwana uku muka zauna mu biyar. Ma'aji bai dawo ba a shekarar, makiyayi kuma ya yi nisa. Shugaba ya buɗe taro. Abu biyu ne a jeri. Na fari, gyaran abin da aka rubuta kan mataimakin shugaba: na karanta cewa ya fitar da kwano ne don rumfar ruwan yara, kuma kwamiti ya gode masa. Na biyu, buɗe magaza da kiran gayya. Duka biyun ba su ɗauki minti goma ba. Baba ya dangwala, ya ciro makulli daga wuyansa, muka taka tare zuwa ƙofar.

Kwano na nan lafiya. Siminti kuwa, buhunan da ke ƙasa sun sha danshi sun daskare, shugaba ya buga ɗaya da ƙafa ya ji kamar dutse. Na sama ne kawai suka tsira.

Maigari ya ce gayya sai bayan shuka. Bayan shuka aka shiga noman fari, kuma ba mai gina laka a tsakiyar damina. Magini ya ce a bari sai kaka. Aka tokare bangon da itace uku daga waje. Muka yi jarrabawar ƙarshen shekara a ajin siminti, manya da safe, ƙanana da yamma, aka rufe makaranta.

Cikin hutu takardar canjin wurin aiki ta same ni a gida. Na daɗe da nema, saboda iyalina, tun kafin maganar bango. An mayar da ni wata makaranta a cikin Tawa. Na koma ƙauyen sau ɗaya na kwashe kayana, na miƙa wa madam kaye da hatimi, don ita aka ba riƙon makarantar. Gari duk yana gona. Baba na samu a gida, ya raka ni har bakin hanya yana ɗingishi, ya ba ni kaza ɗaya a ɗaure ya ce in kai wa yara. Ya ce in na samu hanya in riƙa leƙo su. Na ce in sha Allahu. Ban koma ba har yau.

Bayan girbi madam ta hau tudu ta kira ni. Ta ce bangon ya zube cikin wani ruwan watan Agusta, ba kowa a ciki, ya farfasa bencina biyu da muka bari. Ta ce ta tara kwamiti tun maza ba su fara tafiya ba, an yi gayya, an ta da ajin cikin kwana tara, an rufa shi da kwano. Baba ne ya zauna kan kujera yana nuna wa samari inda za su sa azara. Na yi murna, na gaya mata haka. Sannan na tambaye ta yaran da suka daina zuwa lokacin zafi. Ta ce wasu sun dawo. Na tambayi ƴan tagwayen. Ta ce ɗaya ta dawo, ɗayar uwarsu ta ce ta saba da taimakonta a gida, sai dai wata shekara. Iska na kaɗawa a wayar, muryarta na zuwa tana ɗaukewa. Ta ce rana ta yi, za ta sauka, yara na jiranta.